Takabar Inno a Gaya

Albarika, Parakou
Ƙarshen watan Agusta

Zuwa ga ƙanwata Rabiatou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Inoussa da mutanen Pélébina baki ɗaya. Yaya nauyin jiki? Allah ya sauke ki lafiya. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa.

Shekaranjiya na dawo daga Gaya. Da kunnenki na ji, da tuni na kira ki a waya mun gama magana, to sai dai takarda kamar yadda muka saba. Na ba Hamissou mai taksin Djougou, shi zai miƙo miki.

Gadar Malanville, ta kan iyakar Benin da Nijar, tana nan a rufe, don haka ta kwalekwale na tsallaka, tafiya da dawowa. Ban sami jana'iza ba, sai sadakar bakwai. An yi jama'a sosai, Rabi. Unguwa duk ta fito, har mutanen da Baba ya ɗinka wa riguna tun muna yara. Kowa ya tambaye ki, na ce kin yi nauyi, ba ki iya shiga kwalekwale. Sun ce a yi miki gaisuwa.

Yanzu maganar Inno, wadda ita ce ta hana ni sukuni. Ta shiga takaba. Ta cire 'yan kunne, ta ajiye kwalli da turare, tana zaune a ɗakin Baba da zane ɗaya baƙi. Jikinta da ɗan dama, amma kin san ciwon sukarinta, kin san ruwan allurar da ake yi mata safe da yamma ba ya son zafi. To tun da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, unguwarmu sai ta kwana ta wuni ba a ga wuta ba. Firigon da na saya mata bara ya zama ma'ajiyar kwanuka. Maƙwabciyarmu Hindou ce ta yi dabara, ta binne kwalaben maganin cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Ta ce yana ɗan taimakawa, amma ba za ta rantse a kansa ba. Shi kansa maganin ya fara wuya a gari. Na zagaya farmasi uku, wannan ya ce sai wani mako, wancan ya ce kayansa na maƙale a tashar jirgin ruwa ta Cotonou.

Na durƙusa na ce mata ta taso mu taho Parakou. Nan akwai wuta, akwai famfo a tsakar gida, asibiti kuma tafiyar babur ce. Ko kallona ba ta yi ba. Hindou ta yi wa magana, ta ce, "Gaya wa Mai Mota mai takaba ba ta kwana a waje." Kin san ba ta faɗin sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Abin da na samu ke nan na dawo da shi.

Wata huɗu da kwana goma ne, sai wajen ƙarshen Disamba. Zan riƙa sayen maganin a nan ina aika mata ta hannun masu tsallakawa. Ban ga abin da ya rage mana ba sai wannan da addu'a.

Ki gaishe da Inoussa da surukarki. Ki kula da kanki. Wassalam.

Yayanki,
Moumouni


Pélébina, Djougou
Satumba

Yaya Moumouni,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Anti Kadidjatou da yara. Takardarka ta zo, na karanta ta sau biyu, na biyun a tsaye don zama ya gagare ni.

Haba Yaya! Ka tsallaka kogi guda, ka durƙusa, ta faɗa maka magana ɗaya ta bakin Hindou, sai ka kaɗe gwiwarka ka dawo? Kai dai har gobe in Inno ta yi gyaran murya jikinka rawa yake. Da ni ce da na zauna a bakin ƙofar ɗakin nan, in ta kore ni in ce ban ji ba, kuma ba ƙarya na yi ba.

Yashi a gindin randa! Maganin da ransa ke kan sanyi shi aka binne kamar gyaɗa. Wallahi na yi kuka, na yi dariya, na sake yin kuka. Nan Pélébina da kuke wa dariya kuna cewa an kai ni daji, ƙauye ne, na yarda. Amma likitarmu, ɗan asibitin ƙauyen, tana da firigo mai aiki da rana. Kowane wata ungozoma na auna ni, ta rubuta mini abin da take son faɗa a bayan kati don ta san ba na ji. Ta ba ni gidan sauro, ta ba ni ƙwayar ƙarin jini. Kwalta ta bi ta gabanmu har Djougou. Ka ce mini a Gaya wa zai yi wa kurma haka?

Kada ka ce na zagi gida. Ni na san abin da gida ya ci mini. Shekarar sanƙarau ina aji huɗu a lakwal, makarantar boko, kana gani aka kwantar da mu a runfa, yara reras a ƙasa, magani ya ƙare kafin a zo kaina. Wasu sun tafi, ni na tashi duniya ta yi shiru har yau. Ban ce laifin kowa ba ne, ƙaddara ce. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi gudu. Ba zan zauna ina kallo ƙasar nan ta sake cin wani abu a gidanmu ba.

Ka je wurin malami ka tambaya. Ni dai a ɗan karatuna ban ji inda aka ce mace ta zauna ta mutu don takaba ba. Ka samo magana mai ƙarfi ka aika mata. In ta ji daga bakin malami ƙila ta sauko.

Jikina da sauƙi, ƙafafu ne kawai ke kumbura. Surukata ta hana ni ɗaukar ruwa. Ka gaishe da Anti, ka ce mata na gode da kukar da ta aiko. A huta lafiya.

Ƙanwarka,
Rabi


Albarika, Parakou
Oktoba

Zuwa ga Rabiatou,

Assalamu alaikum, bayan gaisuwa da fatan alheri. Faɗanki ya iso lafiya, har Kadidjatou ta ce ta ji shi daga kicin.

Na je wurin liman na masallacinmu. Ya ce larura tana halatta mai takaba ta fita neman magani, har ta ƙarasa kwanakinta a inda lafiyarta za ta samu. Na roƙe shi ya faɗa a waya, na ɗauki muryarsa na tura wa Hindou. Sai da wayarta ta samu caji wurin mai janareta a kasuwa sannan ta kunna wa Inno. Inno ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Malam ya yi gaskiya, Allah ya saka masa. Amma ba shi ya zauna da mutumin nan ba." Shi ke nan.

Na aika magani sau biyu. Na farko ya isa. Na biyu na sa shi cikin kula da ƙanƙara, amma mutumin ya wuni a bakin kogi ana hana tsallakawa, kafin ya shiga Gaya ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi. Sun yi amfani da shi a haka. Hindou ta ce Inno na yawan shan ruwa da yawan fita, kuma ta taka allurar keken ɗinkin Baba a ɗaki, ɗan yatsan ƙafarta ya zama gyambo, ya ƙi kamewa.

Ke kuma da kike ta yabon Benin, ki zo garejinmu ki gani. Kamyo, manyan motocin kaya, jere har ido ya gaji, babu mai motsi. Motar maigidana ciyawa ta fara fitowa a ƙarƙashinta. Duk abincin da muke ci a garin nan daga hanyar Nijar yake fitowa, an rufe can, mu ma nan mun bushe. Ni da na yi shekaru ina jan tirela, yanzu babur na ara ina zem, wato kabu-kabu, ina kai mata kasuwa suna ce mini in yi a hankali. Wuta akwai, ruwa akwai, amma kowanne da mita, kuma mai gida ba ya sanin an rufe gada. A Gaya ko ba ka da komai ba ka kwana da yunwa, wani zai turo kwano. Nan in ka mutu a ɗaki sai wari ya sanar da maƙwabci. Ban ce ƙarya kika yi ba, amma kowace ƙasa da inda take yoyo.

Ke ce auta, ke take ji. Ki rubuta mata da hannunki, zan ba wanda zai kai. Allah ya sa a dace. Ki gaishe da mutanen gida.

Yayanki,
Moumouni


Pélébina
Oktoba

Zuwa ga Innota,

Assalamu alaikum Inno. Ina gaishe ki da girmamawa, ina durƙushe. Yaya haƙuri, yaya jiki, yaya ƙafa? Allah ya jiƙan Baba, ya ba ki ladan zaman da kike yi. Hindou, ke da za ki karanta mata, ina gaishe ki, kuma don Allah kada ki tsallake ko kalma ɗaya.

Inno, autarki ce. Watan haihuwata ya kusa, ungozoma ta ce ƙarshen Disamba ko farkon Janairu. Wa zai dafa mini ruwan wanka? Wa zai dama mini kunun kanwa irin naki? Surukata mutuniyar kirki ce, amma yarensu daban, ni kuma ba na ji, sai mu yi ta nuni da hannu kamar masu cinikin shanu. Tsoro nake ji, Inno. Cikin farko kin san yadda ya ƙare.

Ki zo. In ba ki son Parakou ki zo nan wurina. Nan ma ƙauye ne, akwai shanu, akwai nono, akwai bishiyar ɗorawa a bayan ɗakina inda za ki shimfiɗa tabarma. Ba wanda zai sa ki kwalliya, ba wanda zai sa ki fita. Ki ƙarasa takabarki a ɗakina. Maganinki a sa a firigon likita, kullum Inoussa ya ɗauko a babur. A duba ƙafar nan tun tana yatsa ɗaya.

Baba ya tafi, Allah ya karɓi abinsa. Da zai iya magana, na rantse da cewa zai yi ki tashi ki bi yara. Shi da ko ciwon kai kika yi sai ya rufe shago. Kada ki mai da mu marayu sau biyu a shekara ɗaya. Ban taɓa roƙonki abu kin hana ni ba, kada ki fara yanzu.

Ki yafe mini in na yi tsaurin ido. Ina jiran amsa. Allah ya ƙara sauƙi.

'Yarki,
Rabi


Gaya
Nuwamba

Zuwa ga auta,

Wa alaikumus salam. Ni ce ke faɗa, Hindou ke rubutawa. Na ji gaisuwarki, na amsa. Allah ya yi miki albarka, ya raba ku lafiya ke da abin da ke cikinki. Ki gaishe da mijinki da uwarsa, ki ce na gode da riƙon da suke miki.

An karanta mini takardarki. Bakin nan naki dai yana nan. Tun kina goye kike ba ni umarni.

Ki saurara, Rabi. Mutumin nan ya ɗauko ni ina yarinya ban san dama da hagu ba. A ɗakin nan na haife ku, a nan na binne uku. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa cin abu a waje ya manta da ni ba. Yanzu ya kwanta, abu ɗaya ya rage da zan yi masa, in zauna a ɗakinsa in cika masa kwanakinsa. Ba nono zan kai masa ba, ba ruwa zan miƙa masa ba, wannan ɗin ne kawai. Ki ce in naɗe shi in kai wata ƙasa? Malam ya ce ya halatta, na ji. Ba duk abin da ya halatta zuciya ke iya ɗauka ba.

Ƙasar taku kuma ai na gan ta. Shekarar da matar Mai Mota ta haihu na je na yi musu wata biyu a Albarika. Na ga wuta, na ga fanka, na ga ruwa na zuba daga bango. Ban raina ba, ni'ima ce. Amma da safe kowa ya fita a ja ƙofar ƙarfe, in zauna ni da fanka muna kallon juna. In na leƙa waje na gaida mace, ta amsa da abin da ban sani ba, ta yi murmushi ta wuce. Wata biyu ba wanda ya shigo ya ce a ba shi gishiri. Na dawo da ƙiba a jiki, amma kamar wadda aka sako daga gidan kaso.

Nan kuwa tun ran da aka fita da ubanku ban hura wuta ba. Wannan ta kawo koko, waccan ta kawo tuwo, wata ta zo ta share tsakar gida ba ta ko tambaye ni ba. Da la'asar ɗakin nan cika yake, ana hira ana yi masa addu'a. Zafi akwai, sauro akwai, duhu akwai, tsada kuwa ba a magana, shinkafa ta zama ta masu hali. Ban ɓoye ba. Amma nan in na yi tari, bango uku ke cewa sannu.

Ba cewa na yi ba zan zo ba. Ran da na fita, na yi wanka, aka yi sadaka, ki turo yayanki ya ɗauke ni, in zo in dafa miki ruwa har ki ce ya isa. Saura kaɗan. Ki ci abinci, ki daina kuka, kuka ba ya yi wa mai ciki kyau. Ƙafa da sauƙi. Allah ya sada mu da alheri.

Innarki

Rabi, Hindou ce yanzu da bakina. Na ce wa Inno zan ƙara nawa, ta ce in ƙara, ba ta hana ni ba. Ƙafar ba sauƙi. Yatsu biyu sun yi baƙi, kumburi ya kai idon sawu, ba ta iya taka ta. Mai jinya na unguwa yana zuwa ya wanke, ya ce abin ya fi ƙarfinsa, a kai ta babban asibiti. Ta ce sai ta fita. Mun yi magana har mun gaji. Ku yi haƙuri, iyakar ƙoƙarinmu ke nan.


Pélébina
Nuwamba

Yaya,

Sallama da gaisuwa a gurguje. Ga takardar Inno na haɗo maka, ka karanta ƙasan da Hindou ta rubuta.

Yatsu biyu, Yaya! Ka ajiye babur ɗin nan ka tafi yau. Kada ka durƙusa, kada ka tambaye ta. Ka sungume ta ka sa a kwalekwale, in za ta tsine ta tsine mini, ni na sa ka. Gara ta yi fushi da mu tana da rai.

Na ce wa Inoussa ni zan tafi da kaina, ya ɓoye mini takalma. Ungozoma ta ce jinina ya hau, ko Djougou kada in je sai da dalili. Ga ni nan zaune kamar tulu, ba ji, ba tafiya, sai rubutu. Wayyo ni, Allah.

Ka ba ni amsa ta hannun Hamissou ko layi ɗaya ne. Ka gaishe da Anti.

Rabi


Albarika, Parakou
Farkon Janairu

Zuwa ga ƙanwata Rabiatou,

Assalamu alaikum. Da farko barka da arziki. Inoussa ya kira ni ya ce an yi miki aiki a asibitin Djougou, an ciro 'ya mace, ke da ita kuna lafiya. Alhamdu lillahi. Allah ya raya ta, ya ba ki lafiyar shayarwa. Ya ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. A nan kam na sara wa ƙasar taki.

Ki yafe mini shirun da na yi. Ban so in rubuto miki abin da zai ƙara hawan jininki ba.

Na je a Nuwamba kamar yadda kika ce. Na shiga ɗakin da niyyar in ɗauke ta. Ta dube ni, karo na farko da na tuna ta dube ni ido cikin ido, ta ce, "Taɓa ni ka gani." Ba da faɗa ta faɗa ba. Rabi, hannuna ya ƙi tashi. Ki kira ni matsoraci, na karɓa. Na zauna a Gaya ina kai da kawo, ina neman magani, ina yi mata fifita, har kwanakin suka cika.

Ran fita takaba mata suka cika gida. Aka yi mata wanka a zaune, aka ɗaura mata sabon zane, aka yi sadakar waina. Da aka zo ƙunshi, ƙafar dama kawai aka sa wa lalle, ta hagu tana naɗe da tsumma ba mai iya taɓa ta. Tana ta fara'a tana tsokanar mutane. Ta ce wa Hindou, "To, na sauke. Yanzu a kai ni inda za a kai ni."

Washegari muka tsallaka. Daga Malanville na ɗauki mota shata har Parakou, kai tsaye asibiti. Ba abin da zan ce da su sai godiya. Sun karɓe ta nan take, suka ba ta gado, suka sa mata ruwa, suka ɗebi jini, wuta ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba. Likitan ya kwance tsumman, ya duba, ya ja ni waje. Ya tambaye ni da Faransanci me ya sa sai yanzu. Na rasa ta inda zan fara yi masa bayanin takaba. Ya ce da wata biyu baya ne da yatsa kawai za a cire. Yanzu sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma cikin kwanakin nan, in ba haka ba abin zai shiga jini.

Na shiga na gaya mata. Sai ta sa aka kira mata Kadidjatou. Ta ce, "Gaya wa mijinki, da ƙafa biyu na zo duniya, da biyu zan koma. Ya mai da ni ɗakina." Na kawo liman, ya yi mata nasiha. Na kawo wata Hajiya 'yar Dosso da aka yanke wa ƙafa shekarun baya, ga ta nan tana kasuwancinta, ta zauna da ita wuni guda. Inno ta yi mata godiya, ta ce Allah ya ƙara lafiya, ba ta canza ba. Likita ya ce ba zai taɓa ta ba sai da yardarta. Tun jiya ta daina karɓar abincinmu, ta ce sai a Gaya.

Ga wutar, ga maganin, ga likitan, duk abin da muka yi wata huɗu muna kuka a kansa ga shi a gabanta, Rabi, kuma ban san abin da zan yi da shi ba. Na gaya mata kin haihu. Ta yi hamdala, ta yi hawaye, ta tambaya ko yarinyar na da gashi.

Ki gaya mini abin da kika gani. Ni kaina ya ƙulle. Ki gaishe da Inoussa da jaririya.

Yayanki mai ƙaunarki,
Moumouni


Asibiti, Djougou
Janairu

Yaya,

Salamu alaikum. A kwance nake rubutawa, ka yi haƙuri da hannun. Na gode da barka.

Ban kira ka matsoraci ba, kuma ba zan kira ba. Da ni ce ta kalla haka, ni ma ban san abin da zan yi ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka riƙe ta. Kada ka yi mata maganar yanka, kada ka kawo mata kowa, ka dai riƙe ta. Sun ce ɗinkin ya ɗan yi ruwa, ba za su sallame ni ba sai ranar Litinin. Ran Litinin ɗin ko a kwance ne Inoussa zai sa ni a motar Hamissou, kafin azahar muna Parakou. Tsakaninmu yanzu ba kogi, ba soja, kwalta ce lafiyayya. Zan ɗora mata yarinyar nan a cinya, in ce ga takwararki, don sunanta za a sa. In ga bakin da za ta ce mini a'a da shi.

Ka ce mata ta yi mini alkawarin ruwan wanka, kuma ban yafe ba. Ka ce mata yarinyar na da gashi, baƙi wuluk, har goshi. Ka ce mata shekara biyu rabon da in ga fuskarta. Ka ce ta ci ko loma uku ce saboda ni.

Litinin kawai, Yaya. Don Allah, don Annabi. Ka gaishe da Anti, Allah ya saka mata.

Ƙanwarka,
Rabi


Malanville
Asabar

Rabi,

Assalamu alaikum. Kada ki taso ran Litinin. Ki zauna ɗinkinki ya warke.

Na karanta mata takardarki duka. Ta sa na maimaita wurin gashin. Sannan ta ce a haɗa kayanta. Na ce Inno, kwana biyu ne fa. Ta yi mini magana da kanta, ba ta bakin kowa ba. Ta ce, "In na ga yarinyar nan da abin da ta haifa, zan ce su yanke. Shi ya sa ba zan jira ba."

Na goya ta har cikin kwalekwale. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Hindou da mijinta suna jira a wancan gefe da amalanke. Yanzu za mu tashi, na ba wani direba wannan ya kai wa Hamissou.

Ta ce a yi miki sannu, ta ce ki yafe mata ruwan wanka. Zan zauna da ita har abin da Allah ya yi.

Ki gaishe da Inoussa. Ki shafa mini kan takwara.

Yayanki,
Moumouni